Kabar da Ɗela Ta Hana Yanka

A wani ƙauye kusa da Guci, duk tabarmar da ta yi kyau sai a ce saƙar Ɗela ce. Tun tana yarinya take yankan kaba, ga ta da shegen son bin diddigi. Ta taɓa binne ƙwallon goruba, da ya daɗe bai tsiro ba ta tone shi. Ashe saiwa yake fara turawa ƙasa neman ruwa, ganye sai daga baya. Tonon ya kashe shi.

Kowa ya san kaba ita ke zama goruba, wuƙar mata ce ba ta barinta ta girma. Wata shekara Ɗela ta zaɓi tushe guda a gefen gonarsu, inda yashin ke da laima, ta kewaye shi da ƙaya. So take ta ga girmansa da idonta, jikokinta kuma su ci 'ya'yan. Goruba ɗaya ce ta rage a wajen, ta maƙwabcinsu Ɗanjuma, ita ma sai ta yi fure ya kaɗe.

"Inna, kaba ake wa shinge kamar rogo?" in ji Ɗanjuma yana dariya.

"Bar ni da haukata," ta ce.

Ta kuwa sha wuya. Ko kaba ta yi ƙaranci, gara ta taka nesa da ta taɓa tata. Gorubar ta miƙe, ta wuce tsayin mutum, ta rabu biyu. Ɗela ta tsufa, haƙora suka zube.

Da gorubar ta fara fure, Ɗanjuma ya ɗaga kai ya duba.

"Inna, sai haƙuri. Namiji ne, ba zai haihu ba."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Shekara na zagayowa sai ga Ɗanjuma da kwando cike da goruba. Iska ce ta kai wa tasa gorubar ƙurar furen ta Ɗela, ta haihu kamar ba gobe.

"Ga rabon uba, Inna."

Ɗela ta ɗauki guda, ta jujjuya, ta shinshina. Ba haƙorin gatsawa, sai ta miƙa wa jikarta Aziza.

"In kin cinye ki ba ni ƙwallon," ta ce. "Wannan karon ba zan tone ba."