Isyaku bai kai zaman Alhamis ba

Isyaku ya rasu. Ina wurin mai shayi da safen nan ƙaninsa ya kira ni, ya ce ciwon ƙirji ne, ko asibiti ba a kai ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yanzu muka dawo daga maƙabarta.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Isyaku shi ne mai kula da laburaren kwalejinmu a nan Haɗeja. Ni kuma labarin ƙasa nake koyarwa, ko in ce nake maimaitawa, don na daɗe da daina karanta sabon abu. Na yi karatu a lokacin da karatu ke da daraja, an ce zan yi nisa. Ga inda na tsaya. Littattafaina suna cikin kwali, gara ta ci rabi.

Na faɗi haka ne don ku san irin mutumin da ya yi haƙuri da shi.

Aikin da Isyaku ya ɗora wa kansa shi ne bin malamai ofis-ofis yana roƙon minti goma a cikin lacca. Ba ya son a ware masa darasi na daban. Cewa yake a cikin darasinka za a yi: ɗalibi ya kawo magana daga intanet ko daga littafi, a tambaye shi wa ya faɗa, yaushe, kuma ta yaya mai faɗar ya sani. Muka yi ta masa dariya. Muka sa masa suna Wa-Ya-Faɗa, in ya shigo ɗakin malamai sai wani ya ce kowa ya ɓoye takardarsa.

Ni na fi kowa iya wannan tsokana.

Wata damina kogi ya cika, sai wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, wai an sako ruwa daga madatsar da ke can sama, cikin kwana biyu zai shafe fadama. Har da hoto, gidaje sun nutse. Na kunna wa ɗalibai a aji, ni da nake koyar da yadda kogi ke tafiya, na ce kowa ya sanar da gida. A cikinsu akwai wani magidanci, malamin firamare daga wajen Miga da ya dawo ƙaro karatu. Ya koma a ranar ya yanke shinkafarsa ba ta nuna ba.

Ruwa bai zo ba. Shinkafar ta zama ƙaiƙayi, abincin shekarar iyalinsa ke nan.

Isyaku ya same ni a ofis, ya rufe ƙofa. Ya nuna mini a wayarsa cewa hoton tsoho ne, ba ma na ƙasar nan ba. Minti biyu bai ɗauke shi ba. Na ce ai kowa ya tura. Ya ce, "Kowa ya tura, Malam. Amma kai aka yarda da kai."

Bai taɓa gaya wa kowa ba. Washegari ma ya karɓi wayata ya ƙara mini girman rubutu, don ya ga ina matse ido. Kullum a laburare yana ajiye mini kujerar da ke kusa da taga saboda ba wuta. Tun daga lokacin na ba shi minti gomansa, amma ban taɓa faɗa wa abokan aiki dalili ba.

Ranar Alhamis ɗin nan kwamitin tsara karatu zai zauna a kan takardarsa: ko a sa tantance bayani cikin kowane kwas, ko a watsar. Masu son a watsar sun fi yawa, kuma na san dalilinsu. Ɗalibin da ya iya tambayar wa ya faɗa, wata rana zai ɗaga handawut, takardar darasin da malaminsa ya raba, ya yi tambayar, kuma da yawanmu kwafowa muka yi, ba mu san amsa ba.

Ranar Litinin bayan la'asar ya zo gidana a babur. Ya roƙe ni in tashi a zaman in ba da labarin shinkafar nan da bakina, ya ce magana ɗaya daga dattijo irina ta fi takardarsa shafi goma. Na ƙi. Na ce saura kaɗan in yi ritaya, ba zan zama abin dariyar yaran da na koyar ba. Na ce ba abin da ke gyaruwa a wurin nan, ya daina wahalar da kansa. Na ɗaga masa murya a ƙofar gidana.

Ya ce, "To shi ke nan, Malam. Labarinka ne, ni ba zan taɓa shi ba." Ya tada babur. Ko ruwa ban ba shi ba.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Kogi ya sake cika bana. Yau ɗin nan, a zauren malamai na WhatsApp, ƙarƙashin sanarwar rasuwarsa, wani mai digiri biyu ya tura sabon saƙon murya irin wancan. Mutum huɗu sun yi masa godiya. Ba wanda ya tambayi daga ina ya fito.

To ga labarin, na faɗa, kowa ya karanta. Ranar Alhamis zan sake faɗa a tsaye a gaban kwamiti, wanda zai yi dariya ya yi. Ban ce za a amince ba, na san mutanena. Kai kuma malam na wajen Miga, in wannan ya iso gare ka, ni na jawo maka, kuma ban taɓa neman gafararka ba. Ina nema yau.

Allah Ya jiƙan Isyaku, Ya haskaka kabarinsa, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini. Allah Ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya ajiye wayar ya yi masa addu'a. In da saura, ku roƙa mini kada ƙafata ta yi sanyi ranar Alhamis.