Matar da Ta Tilasta Mana Leƙa Madubi

Kafin gajimare ya ɗaga daga kwarinmu na Simbu, Sista Filomena Dama ta riga ta buɗe ɗan ɗakinta a bayan asibitin mishan. Ta rataye bilum ɗinta, wato jakarta ta saƙa, a ƙusa, ta tura dankali cikin toka, ta jera gilasai a kan tebur. A waje masu tari sun cika benci, kowa riƙe da ɗan kofin kakinsa. Sai ta shafa kakin a gilashi, ta zuba jan rini, ta ɗumama da wutar fitila, ta wanke, ta bi da shuɗi, sannan ta sunkuya a kan madubin duba ƙwayoyin cuta. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan sunkuyo. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ba a kuma turo wanda zai maye gurbinta ba. Tun da na ji, na kasa zama wuri ɗaya.

Tana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. Ba ta miƙa wa mutum takardar sakamako ya wuce. Idan ta ga tarin fuka, dole dangin mara lafiya su shigo ɗaya bayan ɗaya su leƙa da idonsu. Direbobin bas suna ta zuba hon, masu jinya suna tsaki, ita ko a jikinta. Ni ma na yi tsakin, har ranar da abin ya zo gidanmu.

Shekara tara da suka wuce matar yayana Siune ta mutu da tari. Wata huɗu bayan haka shi ma ya kama, ya rame, ya fara tofar da jini. A wurinmu mutum biyu ba sa faɗuwa a gida ɗaya a ce haka kawai. Maza suka zauna, aka ce sanguma ce, maita, aka kuma nuna Mama Tine, wadda mijinta, ƙanin babanmu, ya rasu ya bar ta ba ɗa namiji. Aka kulle ta a bukkar aladu. Kawu Bomai, babbanmu, ya yanke cewa za a tuhume ta da ƙarfe mai zafi har ta saki Siune. Ina cikinsu. Ba kallo na je yi ba.

Da labari ya kai mata, Sista Filomena ta hauro dutsen ƙauyenmu da rana tsaka, da takalmin roba, tana haki.

"Bomai, ka tsufa ka rasa aikin yi sai gasa tsofaffi? Ku ba ni kakinsa tukuna."

"Sista, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Koma wa gilasanki."

"To me zai ci ka in na duba? In ban ga komai ba, ni da kaina zan hura muku wutar."

Aka yi dariya, ban da Kawu. Ya ce ya ba ta zuwa faɗuwar rana.

Ta koma ɗakinta, ni na bi ta da kofin kakin a guje. Ta buɗe, ta ɗaga shi wajen haske, ta harare ni.

"Wemin, mene ne wannan?"

"Jini ne, Sista. Kin ga yadda ya yi ja?"

"Jinin uwar wa! Buai ne. Kun ba shi ya tauna, ko?"

Mun ba shi. Mara lafiya ya roƙi buai, ɗan itacen da muke taunawa kamar goro, wa zai hana shi? Ya tauna da farar hodarsa, ya tofa mata jan yawu cike da kofi, babu kaki ko ɗigo. Ta ce sai na asuba, daga can cikin ƙirji, bayan ya kuskure baki. Ke nan wa'adin Kawu zai wuce. Na tuna samarin da na baro a sama, na san sun sha giya.

Sista ta kulle ɗakin, ta sake hawa dutsen, ta shiga bukkar aladun, ta zauna kusa da Mama Tine. "Duk wanda zai taɓa ta ya fara da ni," in ji ta, "amma ya tuna ba wanda zai duba masa jinin ɗansa ranar zazzaɓi." A can ta kwana.

Da gari ya waye ta tsaya a kan Siune ya kuskure baki sau uku, tana dukan bayansa har ya kako abin da take so. Mu goma sha ɗaya muka bi ta ƙasa, da addunanmu. Muka tsaya a taga tana rini tana wankewa kamar ba jiranta ake ba. Kawu yana ta kai da komo. Can ta ɗago.

"Bomai, kai ne farko. Ajiye addar, ba daji za ka shiga ba. Rufe ido ɗaya."

"Ban ga komai ba sai shuɗi."

"Ka daina numfashi a kai kamar alade. Juya wannan a hankali."

Ya juya shi, ya ƙara kafa ido. Ya daɗe.

"Waɗannan jajayen tsinkayen fa?"

"Su ke cin huhun ɗanka. Daga matarsa ya shaƙe su, a ɗakin nan naku da ba taga. Ka ga Tine a ciki?"

Da ya matsa, ni ma na leƙa. Ƙanana ne, sirara, a warwatse kamar ɓurɓushin tsintsiya, sun fi ƙarfin ƙirga. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona. Wata shida Siune ya yi yana haɗiyar ƙwayoyin magani a gaban Sista, yau yana noman kofi ya yi tumbi. Ta duba kowa a gidanmu, ta sami yara biyu da ciwon tun bai kayar da su ba.

Sista, ke ce kika san takarda ba ta isa ta sa mu ajiye adda ba, sai abin da idonmu ya gani. Idonki ya gaji yanzu, na ga yadda kike murza shi. Mun gode, ni da Siune da yaran nan biyu, da Mama Tine da sauran matan da kika tsirar, waɗanda ban san adadinsu ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ana tari a ƙauyen da ke sama da namu, kuma na ji an fara zaman maza. Ku da kuka yi karatu kuka tsaya a biranen Kundiawa da Goroka, wani ya dawo ya koyi rinin nan kafin wata ya ƙare. Mu da ba mu yi ba, kowa yana da ƙafar hawa dutse da bakin cewa a duba tukuna.

Mama Tine tana nan da ranta. Jiya na je na ce ta zo bikin sallamar Sista, zan goya ta in gwiwa ta hana. Ta ce za ta zo da ƙafarta. Sai ta dube ni ta ce, "In ta tafi, ɗana, kai za ka kwana a bukkar?"

Na ce e. Ta ci gaba da tonon dankalinta, ba ta ce ta yarda ba.