Ranar da Baba ya kurɓi teku

Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina magana. Abinci ma sai na yi ta lallashi yake kai loma ɗaya. Yana zaune a ɗakinmu na unguwar Mahjar a Jidda yana kallon bango, ni kuwa ina kallon yadda wuyan rigarsa ke ƙara yi masa yawa. Tsoro nake kada ya bi ta.

Mijina, haifaffen Jidda, shi ya ce wata Juma'a, “Yalla, mu kai shi ya sha iska.”

Muka yi kudu har gidaje suka ƙare, muka bar kwalta muka bi sawun motoci cikin farin fili mai ɓawon gishiri. Babu kowa. Sai ga ruwa kwance, shuɗi-shuɗi, da wasu gajerun itatuwa tsaye a cikinsa kamar 'yan mata sun tattare zane. Can nesa tsuntsaye masu dogon wuya, jaja-jaja, kowanne a kan ƙafa ɗaya. Ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a karkace suna faɗawa ramuka. Na so a ce mu biyu ne kawai, ni da mijina, amma idona na kan Baba.

Baba ɗan Yawuri ne, a bakin kogin Kwara ya girma. Duk shekarunsa a Jidda, dako da tsoron masu tambayar iƙama, takardar izinin zama, ba su bar shi ya taɓa tekun nan ba. Ya cire takalmi, ya taka a hankali har ruwa ya kai idon sawunsa. Ya daɗe yana kallon wani zalɓe da ke fakon kifi. Sai ya sunkuya, ya yi bisimilla, ya kamfato ruwa ya kai baki, yadda mutumin kogi ke gaida ruwa.

Ya furzar da ƙarfi.

“Kai! Wace mara hankali ce ta yi wannan miya?”

Mijina ya tuntsire da dariya. “Baba, wallahi ba 'yarka ba ce, yau dai ta kuɓuta.”

“Rufe min baki, ɗan birni. Ko kifin nan ka san sunansa?”

Na juya baya don kada su ga hawayena. Ƙirjina ya yi sakayau.

“Ke,” in ji Baba, yana goge gemu, “miƙo ruwan kirki. Kuma me kika ƙunso a kular nan?”