A-kori-kurar da Ba Ta Shan Casa'in da Uku

Duk wanda ya taɓa sarin wandon jins a Xintang ta ƙasar Sin a shekarun nan ya san Munkaila, ko aƙalla ya ji muryarsa kafin ya hango motarsa. Bakano ne ɗan Kurna, gajere, mai faɗin ƙirji, ga surutu kamar rediyon mai shayi. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bumburutu a titin Katsina, yana sayar da fetur a galan duk lokacin da gidajen mai suka ƙafe, kafin wani ɗan uwansa ya jawo shi Guangzhou. Nan ya faɗa hannun Alhaji Saaka, mutumin Kumasi mai kamfanin aika kaya. Alhaji ya yi masa takardun zama da lasin, ya damƙa masa mukullin wata tsohuwar a-kori-kura fara, ya ce ya riƙa kwaso diloli yana kawowa sito a Sanyuanli.

Ko ɗan fari bai samu gatan da motar nan ta samu ba. Kullum sai ya wanke ta, har sannu yake yi mata idan ta hau gada da kaya.

Ranar da ya fara shiga gidan mai ya ga fetur kala uku: 90 da 93 da 97. A Kano fetur ɗaya ne, sai dai a ce akwai ko babu. Amma Munkaila ya zaga kasuwar tufafi ta Canaan, ya san kowace riga uku ce: ta asali, mai bi mata, da wadda wanki ɗaya za ta koma tsumma.

"Af!" in ji shi. "Ashe har man ma sun yi masa haka."

Tun daga ranar 97 kawai yake zubawa. Matar da ke ba da mai, Madam Liang, ta sha buɗe murfin tankin ta nuna masa wata 'yar takarda da ke manne, rubutun Sinanci da lamba 93 ɓaro-ɓaro. "Laoban," take cewa, wato maigida, tana ɗaga yatsu uku. Shi kuwa ya kaɗa kai ya nuna famfon ƙarshe. Da ya koma gidan abinci sai ya ba jama'a labari: "Matar nan kwantai take so ta tura min. Ni Munkaila za a yi wa wayon mai? Hancin nan kuke gani, digiri gare shi."

Haka aka yi shekara uku, sai ga shekarar da aka yi gasar Olamfik a ƙasar. Biza ta yi wuya, mutane na ta tattara nasu ya nasu suna komawa gida, mai kuma ya tashi. Ran wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Alhaji Saaka ya tsare shi a ƙofar sito.

"Malam Munkaila, na tambayi bakanike. Ya ce lambar nan ba ta tsabta ba ce, ta juriyar matsi ce. Injin da ke matse mai sosai shi ke buƙatar 97, in ba haka ba ya riƙa ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano. Wannan tsohuwar taka 93 aka ƙera mata. Ƙarin da muke biya, a banza yake fita ta salansa."

"Alhaji, bakanike ɗan uwan masu gidan mai ne."

"To, ni ba ɗan uwansu ba ne. Ko ka koma 93, ko ka ajiye mukulli. Ka kuma san takardunka da sunan kamfanin nan suke."

Munkaila ya san abin da hakan ke nufi: jirgi zuwa Kano, hannu rabbana. Amma taurin kai, Allah ya raba mu da shi, bai bar shi ya yi shiru ba.

"Alhaji, motarka 93 take sha ko? Bari in nuna maka abin da ke ciki. In ban fito maka da algus ba, ka yi min duk hukuncin da ka ga dama."

Ya ɗauko tiyo da kwalabe biyu. Zuƙa ɗaya ya yi, mai ya taho daga tankin Alhaji ko ɗigo bai taɓa masa leɓe ba, har masu dako suka yi tafi. Ya zuƙo na a-kori-kura ma. Ya ɗaga kwalbar 93 a rana, ya lumshe ido ya sansana. Ya ɗiga a tafin hannu ya hura, ya bushe ƙayau, ba maiƙo. Ya yago farar takarda ya ɗiga a kai. Man da ke da kananzir a ciki tabo yake bari, kowane ɗan bumburutu ya san haka. Suka zuba wa takarda ido, ta koma fara tas. Ya sake, ya kuma sakewa. Duk tas ta fito.

"Yaya dai, mai digiri?" in ji Alhaji, yana danne dariya.

Munkaila ya zauna a kan dila, kwalba a hannu. Kunya ta kama shi, amma ba ta cika-bakin da ya yi ba.

"Babu komai a ciki, Alhaji. Mai ne tsantsa." Sannan ya ce a hankali: "Ka san me ya sa na rantse akwai? Don ni, duk galan ɗin da na taɓa sayarwa da rangwame, sai da na sirka shi da kananzir. Shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa tunanin mutum zai rage farashi bai cuce ka ba."

Dariyar masu dako ta tsaya. Alhaji Saaka ya matso kusa da shi.

"Motoci nawa ka kashe?"

"Allah kaɗai ya sani. Direbobin da na gane fuskarsu dai za su kai ashirin."

"To, ka fara neman lambobin wayarsu. Wannan ba ni zan yafe ba." Ya nuna a-kori-kura da haɓa. "Tashi, akwai dila arba'in suna jiranka a Xintang."

Da la'asar ya tsaya a famfon tsakiya. Madam Liang ta riga ta nufi na ƙarshe, sai ta ga ya leƙo ta taga ya ɗaga mata yatsu uku, kansa a sunkuye. Ta ajiye famfon, ta riƙe ƙugu, ta ƙwala wa abokan aikinta kira su zo su gani da idonsu.