Kawu Arzika da Wanzamin Ƙarfe

Kun dai san Kawu Arzika, wanzamin Filinge, ba a kusantarsa da kaifi sai ya ji asali. Ko mai yankan farce ne a kasuwa, sai ka ji, "Tsaya! Ɗan wa na kai?" Zamanin soja wani hafsa ya zo aski, ya miƙo masa rezarsa ta Faransa. Kawu ya jujjuya ta ya mayar. "Ranka shi daɗe, ban san uwayenta ba." Da askar kakansa ya kwashe masa kai tas.

Da tsufa ya zo, ƙirji ya fara riƙe shi ko masallaci ya nufa. A asibitin Yamai lokotoro ya ce jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe, in ba a yi aiki ba da wuya ya ga kaka. Ɗiyarsa Rakiya, mai aiki a ƙasar waje, ta ce a kawo shi. Ni na raka shi.

Can aka nuna mana injin da zai yi aikin, hannuwa sirara kamar na gizo-gizo. Ba a tsaga ƙirji, 'yan huji ne tsakanin haƙarƙari, lokotoro na gefe yana tuƙa shi.

"Ɗan wa na?" in ji Kawu.

"Haba Baba, ƙarfe ne fa!" in ji Rakiya.

"Awo. Wanda bai gaji aska ba, ba shi taɓa ni. Mu tahi gida."

Rakiya na kuka, tsoho na laluben takalmi, yana haki. Lokotoro ya tambayi abin da ya faru, na fassara masa, kunya kamar ta kashe ni. Bai yi dariya ba. Ya ce ubansa ma fiɗa yake yi, kakansa kuwa shi ke yi wa yaran ƙauyensu kaciya.

Kawu ya aje takalmi. "Ashe ɗan gida na! Wagga na'ura kau askatai ta. Ku kwantar da ni."

Da ya farfaɗo ya ce shi bai ga asibiti ba. Yana kwance ne gindin gawo a kwarin Dallol, gero ya yi kai, iska na kaɗa shi, matarsa marigayiya Inna na dama fura, injin kuwa ya durƙusa gefe riƙe masa da zabira. "Yaro mai ladabi," in ji shi. "Hannunai ba ya rawa."

Ya ci daminu masu yawa bayan nan. Da ciwon ajali ya zo, ya jawo ni ya ce, "In kun zo wankana, kak ku yi sauri. Ku duba aikin."

Na duba, Kawu. Da ƙyar na ga tabon, hawaye sun hana ni. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwanci, ya sada ka da Inna.