Yatsa Biyu na Ruwan Tsibiri

Kafin ya zama perzidan, wato shugaban masu haƙar zinariya, Zakari mai sayar da kwaɗo ne a kasuwar Agadas. Shekara ashirin yana sayar wa mutane abin da za su kulle 'yan'uwansu a waje, har sana'ar ta shiga jikinsa. In ka yi masa sallama, sai ya dubi hannunka kafin ya amsa. Matarsa Uwani kan ce da tukunyar miya tana kulluwa, da tuni ya rataya mata kwaɗo.

Da zinariyar Jado ta ɓulla can cikin Sahara ya bi ayari, ba don haƙa ba, sai don ya ji an ce can kowa tsoron kowa yake. Ya sauka a wani dutse da masu haƙa ke kira Tsibiri, saboda rairayi ya kewaye shi ta ko'ina, sai ka yi wuni a mota ba ka ga ɗan Adam ba. Jandarma suna can nesa a garin Dirku. Takardu da hanya nasu ne, sauran kuwa mutanen Tsibiri ke yi wa kansu hukunci. Duk wata shida sukan jera gwangwanayen tumatir, kowane ɗan takara da nasa, kowa ya jefa tsakuwa ɗaya. Wanda ya fi tsakuwa shi ne perzidan. Ba ya mallakar rami, kuma shi ke riƙe mabuɗin sitarni, babbar randar ƙarfen da kamiyo, motar dakon ruwa, ke cikawa duk mako biyu. Dokarsu mafi tsanani ɗaya ce: wanda ya taɓa ruwan jama'a, kamiyon da ya kawo ruwa shi zai tafi da shi.

Zakari ya kada Ilyas, wani Badamagare mai yawan dariya, da tsakuwa bakwai. Ilyas ya rungume shi, ya zama mataimakinsa kamar yadda aka saba. Rungumar ba ta yi wa Zakari daɗi ba. A ganinsa, mutumin da ya faɗi zaɓe yana dariya akwai abin da ya taka.

Tun ranar farko ya raina kwaɗon da ya tarar. Ya ɗauko guduma ya dunga dukan ƙasan sitarnin, daidai bakin da ruwa ke fita, har ya kafa sabon zoben ƙarfe, ya rataya nasa kwaɗon. Ya kuma samo sanda yana gwada ruwan safe da yamma.

A mako na biyu ya ga ruwa na raguwa yatsa biyu kullum, bayan abin da aka raba. Ya canza kwaɗo. Yatsa biyu. Ya sake canzawa, ya ɗaura mabuɗin a wuyansa, ya daina shan shayin kowa. Ya koya wa mutane su riƙa leƙa bidon juna, wato jarkar ruwa, su lura da wanda rigarsa ta fi ta kowa haske. Ilyas kuwa, don tsautsayi, mutum ne mai tsabta.

Ran Juma'a bayan salla Zakari ya tara jama'a ya nuna Ilyas.

"Perzidan, mi ka gani?" in ji Ilyas.

"Na ga rigarka."

"Da rabona ni ka wanke ta. Kai ka sha naka, ni na wanke da nawa."

Ba wanda ya saurare shi. Ƙishirwa ba ta son dogon bayani, kuma Zakari ya riga ya horar da su. Kamiyo ya zo, Ilyas ya hau da tabarmarsa, ya bar ramin da ya yi wata huɗu yana haƙa. Wannan karon bai yi dariya ba.

Washegari Zakari ya tsoma sandarsa. Yatsa biyu.

Kwana goma yana neman ɓarawo na biyu, har wata safiya mabuɗin ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin sitarnin. Da ya durƙusa sai ya ga ciyawa, ɗanya shar, a ƙasar da ba ta ga ruwan sama ba shekara uku. Ya ɗaga kai. Daga gindin zoben da ya kafa da hannunsa, ƙarfen ya tsage siriri kamar gashi, ruwa na ɗiga, rairayi na shanyewa. Kunya ta kama shi.

A nan dai a yaba masa, bai tsige ciyawar ba. Ya tara jama'a ya nuna musu, ya ce laifinsa ne, a aika a dawo da Ilyas. Sai wani Bakatsine, Rabi'u, wanda ya gaji ramin Ilyas, ya tsuguna ya duba ciyawar da kyau, yadda Zakari ya koya musu duba komai.

"Wa ya san wanda ya shuka ta?" ya ce. "Perzidan, mi Ilyas ya aiko maka don ka wanke shi?"

Kamiyo na gaba da Zakari ya tafi. Yanzu yana unguwar Dagmanet a Agadas, ya koma kan teburin kwaɗonsa. Ilyas na tura kurar ruwa a unguwar, kuma duk wanda ya taɓa zuwa Jado, in zai saya, sai ya buɗe bidon ya leƙa ko ya cika. Kullum ta gaban teburin yake wucewa. Zakari kan riga shi yin sallama, shi kuwa Ilyas sai ya dubi hannunsa ya wuce.