Man Baiwa a Kwalbar Wasu

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na Baiwa a Gwadangaji, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta ganau ce ni, ba jiyau ba. Mace ce mai hannu, mai taurin kai kuma kamar jakin da ya hango gada. Sana'arta haɗa man shafawa. Takan sayo ɓawon itacen dargaza a kasuwar Argungu, ta jiƙa shi har ruwan ya yi yauƙi, ta tace, sannan ta buge shi da man kaɗe sai ya yi kauri ya yi laushi. Ba ta da ma'auni, idonta da tafin hannunta su ne ma'auninta. Daga Birnin Kebbi har Argungu, in aka ga fatar mace tana sheƙi sai a ce ai man Baiwa ne. Ba ta haihu ba, ba ta da gona. Wannan sunan shi ne duk abin da ta tara a duniya.

Aibin man ɗaya ne: ba ya jimawa, in ya kwana biyu sai ya tsinke ya yi tsami. Mu da muka saba, kaɗan muke saye. Da aka ba mu jihar Kebbi, matan ma'aikata suka taso daga Sakkwato, su kuwa so suke su cika kwalba su ajiye gaban madubi wata da watanni. Suka fara ƙorafi, Baiwa ta fara ramewa don haushi.

Abdussamadu, ɗan ƙanenta mai shagon magani, shi ya kawo mata wani farin gari daga Legas. Ya ce daga jikin itace ake tatso shi, da shi kamfanoni ke kaurara mansu, kuma ba ya tsinkewa. Ya yi ta nanata mata cewa ɗan kaɗan ake barbaɗawa, a juya, a rufe, a ba shi lokaci, don a hankali yake kumbura. Ina zaune a wurin. Ta dube shi sheƙeƙe.

"Ɗan nan, tun ba a haihe ka ba ni ka wanga aiki. Kai za ka gwada man kauri?"

Ba a jima ba aka aiko daga Argungu ana son man biki mai yawa, na amarya da ƙawayenta. Nan Baiwa ta ga dama ta nuna wa matan birni iyakarsu. Ta barbaɗa garin, ta juya, ta ga ruwa tsululu. Ita kuwa da dargaza ta saba, wadda ke nuna yauƙinta nan take a hannu. Sai ta ƙara, kamar mai kaɗa miyar kuka. Ta sake ƙarawa. Na tuna mata maganar Abdussamadu, ta ce in je in duba tukunyata. Da ya yi kaurin da idonta ke so, ta ƙara wani tafi na gyara, don a cewarta ba a yi wa amarya rowa. Aka zuba a kwanoni aka sa a mota.

Kafin ya isa Argungu ya daskare. An ce ƙawayen amarya kifa kwanonin suka riƙa yi, ko ɗigo bai faɗo ba, wata ma ta yanka shi da wuƙa ta zagaya tana tambaya ina miya. Kafin a watse biki an raɗa mata Baiwa mai tuwon shafawa. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Aikin shekaru, kuskure ɗaya ya shafe shi, ita kuma ta ƙi yarda ko da wasa cewa ita ta yi kuskuren. Ta watsar da garin ta koma ga dargazarta, man ya dawo yadda yake, amma ba mai son a gan ta tana shiga gidan.

Wata rana da hantsi Zuhura ta shigo, yarinyar da Baiwa ta yi wa gyaran jiki da hannunta lokacin aurenta. Ta durƙusa ta gaida ta, ta ce fatarta ta ƙi kowane mai sai nata. Na ga fuskar Baiwa ta washe. Sai Zuhura ta zaro wata kwalbar man kanti da ya ƙare, mai hoton Baturiya a jiki.

"Inna, ki zuba man ga wagga. Kada su gane naki na."

Na jira Baiwa ta kore ta, don na san bakinta. Sai ta miƙa hannu. Ta karɓi kwalbar ta wanke ta tas, tana kaffa-kaffa kada takardar jikin ta jiƙe, sannan ta cika ta har baki.